Kwana a tanti bakin teku inda babu titi babu sabis, in je ko in haƙura?

Sadiq_Davis:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema don Allah. Abokan karatuna a nan Davis sun matsa min lamba wai sai na bi su wani waje a arewacin Kalifoniya da ake kira Lost Coast, bakin teku ne amma babu titi babu gari babu otal, ƙafa za mu taka wajen mil 25 daga Mattole har Shelter Cove, kowa da tantinsa da abincinsa a baya, inda dare ya riske mu nan za mu kafa mu kwanta. Sun ce ko sabis ɗin waya babu. Ni ban taɓa kwana a tanti ba a rayuwata, kuma abin da ya fi tsaya min a rai beyar ne, ƙatuwar dabbar dawan nan da Turawa ke kira bear, don sun ce akwai su a wurin. Akwai wanda ya taɓa zuwa? In je ko in ce musu ina da uzuri?

Dan_Kurmi:
Wa alaikumussalam. Wato Sadiq an tura ka karatu Amurka, ga gado ga katifa ga wuta ba a ɗaukewa, shi ne za ka biya kuɗi ka je ka kwana a ƙasa? Ka dawo gida mana, a ƙauyenmu kyauta ne har da fura hhhh

Maman_Ilham:
Ka gaya wa Hajiyarka tukuna? Ni daga nan zan fara.

Injiniya_Sacramento:
Sadiq na taka wannan hanyar, kuma zan ce maka ka je, amma ka cire beyar daga saman lissafinka ka sa ruwa a wurin. Beyar ɗin wurin baƙaƙe ne, abinci suke nema ba mutum ba, da safe za ka ga sawunsu a kan yashi kusa da ƙorama shi ke nan, yawanci ko ganinsu ba za ka yi ba. Abin da ke kashe mutane a Lost Coast teku ne.

Bari in yi maka bayani yadda wurin yake. Duwatsun King Range ne suka gangaro kai tsaye cikin teku, mafi tsayinsu King Peak ƙafa 4,088 kuma tsakaninsa da ruwa mil 3 ne kawai, shi ya sa ma masu gina babbar hanyar bakin teku ta Kalifoniya da suka iso nan suka haƙura suka karkata ta cikin ƙasa. To a wurare da yawa hanyar da za ka bi ita ce ɗan siririn filin da ke tsakanin bangon dutse da ruwa. Idan teku ya janye akwai hanya, idan ya cika babu, ruwan har jikin dutsen yake duka kuma dutsen ba ya hawuwa. Akwai wurare uku irin haka. Na farko ɗan gajere ne kusa da Punta Gorda, na biyu daga Sea Lion Gulch zuwa Randall Creek wajen mil 4, na uku daga bayan Big Flat zuwa Gitchell Creek shi ma mil 4 da ɗan wani abu. Hukumar BLM da ke kula da wurin tana cewa kada ka shiga sai tsayin ruwa a jadawalin cika da janyewar teku ya yi ƙasa da wajen ƙafa 3 kuma ya zama zai ci gaba da zama ƙasa har ka fita. Ba wai ka shiga yana ƙafa 2 yana hawa ba.

Saboda haka tambayar da za ka yi wa abokanka ita ce waye a cikinku ya buga jadawalin cika da janyewar ruwa na Shelter Cove a takarda, kuma ya zauna ya daidaita shi da ranakun tafiyar. Idan suka tsaya kallon juna to kana da uzuri.

Sadiq_Davis:
Na gode Yaya Injiniya. Wlh ban ma san akwai wannan maganar ba, ni na ɗauka yashi ne shimfiɗe kawai mutum ya yi ta tafiya. @Maman_Ilham Anti ban gaya mata ba tukuna, ina jira in gama yanke shawara.

Maman_Ilham:
A'a ɗana, ba haka ake yi ba, da ita ake yanke shawarar. Kwanaki wayarka a kashe ba ta san inda kake ba, ka san halin da za ta shiga kuwa?

Ustaz_Abu_Hafsa:
Ni dai ban ga dalili ba. Allah Ya ce kada ku jefa kanku zuwa ga halaka, yana nan a Baƙara aya ta 195. Wurin da shi kansa wanda ya je yake cewa yana kashe mutane, ba neman ilimi ba, ba neman halal ba, ba ziyarar zumunci ba, mene ne na zuwa?

Binta_Seattle:
Malam da girmanka, amma ai titin Kaduna zuwa Kano ma yana kashe mutane kuma ba mu daina bi ba. Kuma akwai ayar da ta ce ku yi tafiya a bayan ƙasa ku duba yadda Ya fara halitta. Ni ina zuwa irin wannan a gaɓar Olympic nan jihar Washinton, tsari ɗaya ne, jadawalin ruwa da gwangwanin ɓoye abinci, kuma mata da yawa suna yi har da masu shekara sittin. Wanda ya yi shiri daban, wanda ya tafi da ka daban.

Ustaz_Abu_Hafsa:
Malama Binta titin Kaduna larura ce ke sa a bi shi. Amma na ji, ban ce haramun ba ne, cewa na yi ban ga dalili ba.

Alhaji_Takoradi:
Yaro ka saurari Injiniya. Mu da muka tashi bakin ruwa a nan Gana mun san abin da yake faɗa, kuma 'yan arewa ne suka fi ba mu wahala idan sun zo, mutum ya iya iyo a kududdufi ko a dam sai ya ɗauka teku ma haka yake. Teku yana ja ta ƙasa. Kana tsaye ruwa iya gwiwa sai ka ji yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka yana tafiya. Masunta da suka shekara arba'in a kansa ba sa wasa da shi balle kai baƙo.

Injiniya_Sacramento:
Gaskiya ne Baba Alhaji, kuma na can ya ƙara da sanyi. Ruwan wajen digiri 11 ko 12 yake ko da bazara, in ya ɗauke ka da jaka mai nauyi a baya cikin 'yan mintuna hannu da ƙafa sun daina jin magana. Ba a wanka a tekun nan sam, ko a Black Sands Beach, ƙarshen hanyar a Shelter Cove, inda mota ke zuwa an kafa allunan gargaɗi. Sannan akwai wata irin igiyar ruwa mai zuwa ba sallama, za ka ga minti goma ko ashirin ruwa yana tsayawa a wuri ɗaya har ka saki jiki, kwatsam sai guda ɗaya ta taso ta wuce duk inda sauran suka tsaya da nisa. Na ga wadda ta ɗaga gungumen itace da mutum huɗu ba za su iya motsa shi ba ta juya shi. Dokar wurin ita ce kada ka ba teku baya, kuma a wuraren da suka matse ka kwance maɗaurin jakarka na ƙugu yadda in ta kama za ka iya yar da ita.

Dan_Kurmi:
Tab. Ruwa ya ja ka, beyar ya ci abincinka, sanyi ya kama ka, kuma duk wannan sunansa hutu.

Hamza_Agadez:
Ni abin da zan tambaya ruwan sha ne. Mu a Tenere in za ka kwana a fili lissafin farko jarka nawa ka ɗauka. Kilomita 40 a ƙafa, ga ruwa a gabanka amma na gishiri, lita nawa mutum zai iya ɗauka a bayansa?

Binta_Seattle:
@Hamza_Agadez nan kam an huta da wannan. Wurin yana cikin inda aka fi samun ruwan sama a Kalifoniya, sama da inci 100 a shekara a kan duwatsun, don haka duk bayan mil ɗaya ko biyu akwai ƙorama mai daɗi da ke gangarowa teku. Lita biyu ta isa a jiki sai ka riƙa cikawa. Amma sai an tace ko an tafasa ko an jefa ƙwayar tsaftace ruwa, kada ka ga ya yi garau ka kafa baki, akwai ƙwayar cuta mai sa gudawa da dabbobi ke bari a ciki. Da damunarsu kuma, wato lokacin sanyi, ƙoramun nan kan cika har su gagari tsallakawa, in ya wuce gwiwa jira ake yi.

Hamza_Agadez:
To ashe 'yan gata ne. Rezon waya fa, babu ko kaɗan?

Injiniya_Sacramento:
Ka ɗauka babu. Wani lokaci in ka kusa Shelter Cove waya kan ɗan farfaɗo amma ba abin dogaro ba ne. A samu mutum ɗaya a tawagar da ke da 'yar na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, ana haya ma. In wani ya karye a can jirgi mai saukar ungulu ne zai ɗauko shi, shi ma sai in hazo ya bari.

Malam_Lissafi:
Bari in ƙara wani abu da zai yi wa Sadiq sauƙi tunda mu mun saba da lissafin wata. Wata ne ke jan ruwan teku. A wannan gaɓar ruwa yana cika sau biyu ya janye sau biyu a yini da dare, kuma kullum lokacin yana ja baya da wajen minti 50, wato in yau ya janye ƙarfe 7 na safe gobe sai wajen 8 saura. Cika mafi girma tana zuwa ne lokacin tsayuwar wata da kuma daren 14 da 15. Don haka shawarata ku kauce wa waɗannan ranakun.

Binta_Seattle:
Malam rabin farko daidai ne amma shawarar ba lallai ba. A waɗancan ranakun da ruwa ya fi cika, a nan ne kuma ya fi janyewa, sai ka samu fili mai faɗi ka wuce hankali kwance. Ranakun 7 ko 22 ga wata ne ma wani lokaci ruwan ba ya sauka sosai, sai ka ga awannin da yake ƙasa da ƙafa 3 sun yi kaɗan ko kuma sun faɗo tsakar dare. Kuma janyewa biyun na rana ɗaya ba daidai suke ba, ɗaya ta fi ɗaya sauka. Jadawalin dai shi ne alƙali.

Malam_Lissafi:
Haka ne Malama, amma tantin fa? A daren 15 in ka kafa shi inda ka ga busasshen yashi da la'asar, ƙarfe 2 na dare ruwa na iya shigo maka. Ta nan nake kallo.

Binta_Seattle:
Wannan kam gaskiyarka. Sadiq ka duba inda teku ya tara tarkacen ciyawar ruwa da itatuwa ya yi layi, ka haura sama da shi sosai kafin ka kafa. Mafi kyau ka nemi inda wasu suka riga suka kwana a bakin ƙorama, za ka gane wurin, ƙasa ta daddale an jera gungume don tare iska. Kuma turakun tanti na ƙarfe sirara ba sa riƙe yashi, ka ɗaura igiyar a jikin dutse ko itace ka binne, ka zuba manyan duwatsu a kusurwoyi ta ciki kafin ka juya baya, in ba haka ba iskar yamma za ta tafi da shi kana kallo.

Ummu_Sudais_Nas:
Ni ta ɓangaren aikina zan yi magana. Kaska. Ciyawar wurin akwai kaska kuma wasu na ɗauke da cutar Lyme, kullum da yamma ka duba jikinka, hammata, bayan gwiwa, ƙugu, cikin gashi. In ka ga ta kama kada ka ƙona ta da ashana ko ka shafa mata man fetur yadda ake yi wa shanu, ka sa hantsaki ka kama ta daf da fata ka ja a hankali. Akwai kuma wani tsiro mai ganye uku-uku da mansa ke sa ƙuraje masu ruwa da ƙaiƙayi na sati biyu ko fi, ka sa abokanka su nuna maka shi tun ranar farko, dogon wando kuma dole. Sai macizai masu kacau-kacau a wutsiya, suna son kwanciya cikin tarin itatuwan bakin ruwa, kada ka zura hannu inda idonka bai gani ba.

Dan_Kurmi:
An ƙaro maciji da kaska. Ina rubutawa.

Sadiq_Davis:
Hhhh Dan_Kurmi ka bar ni da abin da ke damuna. Malam @Ustaz_Abu_Hafsa ko da ba ka goyon baya, don Allah yaya zan yi da salla da tsarki a can?

Ustaz_Abu_Hafsa:
Wannan kam dole in amsa. Ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa, hadisi ya tabbata a kai, amma tunda an ce maka kusantarsa hatsari ne ga ƙorama nan, ka ɗebo a gora ka koma gefe ka yi alwalarka. Tafiyarka daga Davis ta wuce mil 48 nesa ba kusa ba don haka kasaru za ka yi, kuma in ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba kana nan a matsayin matafiyi. In lokacin wucewa ta matsatsin nan ya ci karo da azahar, kana da damar haɗa ta da la'asar. Batun bayan gida kuma, an hana yin sa a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa, ka kiyaye wannan ko ba dokar Turawa.

Injiniya_Sacramento:
Malam dokarsu ma kusan haka ta ce. A Lost Coast abin da suke so shi ne ka sauka kan jiƙaƙƙen yashi inda ruwa zai rufe in ya cika, nesa da ƙorama da wurin kwana, ka haƙa rami kamar taƙi ɗaya ka binne, teku ya ƙarasa aikin. Masu amfani da takarda sai sun ƙulle ta a leda sun fito da ita, mu masu buta mun huta, gorar roba daban kawai za ka ware.

Amma ga wani abu da ba wanda zai gaya maka sai ɗan'uwanka musulmi. Alƙibla a arewacin Kalifoniya arewa ce ta ɗan karkata gabas, wajen digiri 18 ko 19, kuma gaɓar nan teku yana kudu maso yammacinka. Wato duk lokacin da ka kabbara ka ba teku baya ke nan cif, abin da aka ce kada ka yi. Don haka kada ka ga yashi mai laushi a kusa da ruwa ka shimfiɗa darduma, ka hau can sama kan tudu wajen ciyawa. Ka saukar da manhajar alƙibla mai aiki ba intanet ko ka riƙe ƙaramin kamfas.

Hafiz_BurSudan:
Ikon Allah. Mu a nan Bahar Maliya ruwa kusan ba ya motsi, cikarsa da janyewarsa ba su taka kara sun karya ba, sai yau na ji wai akwai inda hanya sukutum ke ɓacewa ta dawo sau biyu a rana.

Zee_Kaduna:
Ni abinci nake jira a zo kansa. Me za ka ci? In aiko maka kilishi?

Binta_Seattle:
Zee kada ki wahalar da kanki, kwastan ɗin Amurka ba sa barin nama ya shigo, ƙwacewa za su yi har da tara in mutum bai bayyana ba. Ya sayi naman halal ya yanka fale-fale ya busar a oven da yajinsa. Garin kwaki da sukari da madarar gari da gyaɗa sun fi duk abincin leda mai tsada da ake sayar wa masu hawan dutse, ga dabino, ga indomi, ga kuskus da ruwan zafi kawai yake so. Matsalar ita ce komai sai ya shiga gwangwanin beyar, wata robar ce mai tauri kamar ƙaramin bokitin fenti da murfin da beyar ba ya iya buɗewa, kuma dole ne kowa ya riƙe, ana cin tara in babu. Ba abinci kaɗai ba, man goge baki, sabulu, man shafawa, shara, duk abin da ke da ƙanshi. Da dare ka ajiye shi nesa da tanti. Babu bishiyar rataye abinci a bakin ruwan.

Zee_Kaduna:
To Sadiq turaren nan naka da ake jin ka tun daga bakin layi sai a bar shi a gida hhhh

Tarihi_Buff_Zariya:
Na ɗan bi labarin wurin saboda wannan hirar. Ƙasar mutanen Mattole da Sinkyone ce tun kafin zuwan Turawa, kuma an kusa ƙarar da su a shekarun 1850 zuwa 1860. Har yanzu akwai tarin ɓawon kifin kwanso da suka bari a wasu wuraren kwanan, doka ta hana taɓawa. Majalisar Amurka ta keɓe King Range a 1970. Akwai kuma tsohuwar hasumiyar haska wa jiragen ruwa a Punta Gorda da aka kunna a 1912 aka rufe a 1951. Abin da ya fi ɗaukar min hankali shi ne girgizar ƙasa, faranti uku na ɓawon duniya ne suka haɗu a daidai wajen, a watan Afrilun 1992 an yi mai ƙarfin 7.2 kusa da Petrolia har gaɓar ta ɗaga sama da wajen mita guda, an sake yin mai ƙarfin 7.0 a cikin teku a Disambar 2024.

Injiniya_Sacramento:
Haka ne, shi ya sa in ka ji ƙasa ta motsa da ƙarfi ba jiran sanarwa, ka bar tanti ka bar komai ka nemi tudu. Hasumiyar kuma tana nan wajen mil 3 daga Mattole, ƙarama ce, za ka iya leƙawa. A gindinta ne wasu ƙattin dabbobin teku masu dogon hanci suke kwanciya, namijin ya fi ƙaramar mota nauyi, daga nesa sai ka rantse duwatsu ne sai ɗaya ya ɗaga kai ya yi gurnani ya watsa wa bayansa yashi. Warinsu zai riga su isowa gare ka. A ba su fili sosai.

Kuma kada mil 25 ɗin ya ruɗe ka ka ce ai kana zaga unguwa da gudu. Wani wurin yashi ne mai zurfi ƙafa na nutsewa, wani wurin duwatsu ne mulmulallu masu santsi suna juyawa a ƙarƙashinka, a nan mil ɗaya a awa ma ka yi ƙoƙari. Yawanci kwana 3 zuwa 4 ake yi. Ana farawa daga arewa a gangaro kudu don iska ta kasance a bayanka, a bar mota a Black Sands a hau ta haya zuwa Mattole, wajen awa 2 a kan hanya mai lanƙwasa, in kana amai a mota ka sha magani.

Maman_Ilham:
Duk na karanta kuma ni dai har yanzu hankalina bai kwanta ba. Mutumin da bai taɓa kwana a tanti ba a fara masa da wannan? Babu na kusa da gari da zai gwada tukuna?

Binta_Seattle:
Anti a nan ina bayanki. Point Reyes na nan kusa da San Faransisko, akwai wuraren kwana na bakin teku da ake takawa mil kaɗan, ya je ya yi dare ɗaya ya ga ko takalminsa na cizo, ko jakar barcinsa na riƙe sanyi, ya koyi kafa tanti cikin iska.

Injiniya_Sacramento:
Ba laifi ya gwada, amma ni ban ɗauke shi sharaɗi ba in dai akwai wanda ya san hanya a cikinsu. Babu hawan dutse a hanyar, ba a ɓata tunda teku na hannun damanka har ka isa. Lokaci ne kawai ba a yi masa gardama. In jadawali ya ce ƙarfe 4 na asuba za a tashi to 4 ɗin ne, in kuma kun makara ku zauna a bakin ƙorama irin Cooskie ko Shipman ku jira janyewa ta gaba ko da awa shida ce.

Sadiq_Davis:
Na tura musu tambayar Yaya Injiniya a guruf ɗinmu. Ɗaya ta turo hoton jadawalin har ta yi masa layi da jan biro, ta ce ta taɓa bin hanyar. Amma yanzu wata ta taso, famit ɗin shiga wurin da suka yanka a shafin Recreation.gov na mutum huɗu ne ni ne na biyar, kuma ranar ta cika tunda adadin masu shiga a rana ƙayyadadde ne.

Dan_Kurmi:
Alhamdulillah, ga uzuri ya kawo kansa.

Injiniya_Sacramento:
Mutane na fasawa, ka riƙa leƙa shafin safe da yamma musamman in ranar ta matso. Kada dai ka bi su ba sunanka a takarda, ma'aikatan na duba ta a hanya tare da gwangwanin. Wane wata ne ma tafiyar? In ƙarshen bazara ne akwai yiwuwar an hana hura wuta, sai ƙaramin risho na gas, shi ma da tasa takardar izinin.

Sadiq_Davis:
Satumba ne. Akwai mai gwangwanin da zai ara min a kusa da Sacramento ko sai na yi haya?

Injiniya_Sacramento:
Ina da shi, da sandunan tafiya ma. Tanti ne nawa ya yage, wannan sai ka nema wani wuri.

Maman_Ilham:
Sadiq, Hajiya fa?